Waɗanda Jiragen Ruwa Suka Kwaso

"Magujin yaƙi! Shi kike so na aura miki, 'yata?"

"Baba, ba gudu ya yi ba, umarni aka ba su..."

"Yayanki fa? Shi bai ji umarnin ba ne?"

Na sunkuyar da kai. Yaya yana cikin waɗanda aka bari su tare gada lokacin da abokan gaba suka fatattaki sojojinmu har bakin teku. Su suka tsaya har jiragen ruwa suka kwashe dubban mutane. Dogo, direban motar soja da nake so tun muna makaranta, yana cikin waɗanda aka kwaso. Yaya bai dawo ba.

Da yamma Dogo ya zo shagon ɗinkina, ya tsaya a bakin ƙofa, ya rame kamar ba shi ba.

"Masoyiyata, ko ruwa ba za ki ba ni ba?"

"Baba ya hana ni kula ka..."

"Ke fa, me zuciyarki ta ce?"

Na ci gaba da taka keke, hawaye na ɗiga kan rigar mutane.

"Motocinmu muka jera cikin ruwa, muka ɗauki masu rauni a kafaɗa muka bi ta kan motocin zuwa jiragen," in ji shi. "Muna jin harbin su Yaya a bayanmu. Wallahi ko yanzu ina jin sa."

Ya juya ya tafi.

Gidanmu ya zama shiru. Ni da Baba mukan ci abinci ba mai kallon wani. Bayan 'yan watanni aka sake haɗa rundunar da waɗanda aka kwaso ɗin, waɗanda gari ke wa dariya, aka mai da su fagen daga. A tashar jirgin ƙasa na ɓuya a bayan jama'a, amma Dogo ya hango ni.

"Ki jira ni!"

"Zan jira!"

Su ɗin ne suka juya yaƙin. Ranar da rediyo ya sanar da nasara, mai sharhi ya ce da ba a kwaso su ba a wancan karon, da ba sauran sojan da zai kare ƙasar. Baba ya daɗe zaune, sannan ya miƙe ya sa hularsa.

"Ashe ba a banza ɗana ya tsaya ba... Tashi, 'yata, mu je mu taro yaron nan. Na ba shi ke."

Na kasa motsi. Tun watan jiya abokin Dogo ya zo shago ya faɗa mini inda suka binne shi, ban gaya wa kowa ba.

Duk da haka na bi Baba. Muka tsaya a bakin tashar, yana leƙa fuskar duk dogon sojan da ya sauko, har wurin ya watse.

"Ko sai jirgin gobe?"

Na riƙe hannunsa.

"Baba, mu je gida. Akwai maganar da zan faɗa maka."