Murmushin da Ya Kori Varya

Ranar da Varya ta kama aiki a wani otel na bakin teku a tsibirin Phuket, manaja Ton ya tsaya yana kallonta tana karɓar baƙi 'yan ƙasarta Rasha, fuskar nan a ɗaure tamau.

"Ki ɗan saki fuska mana," ya ce a hankali.

"Yallaɓai, an yi abin dariya ne? A garinmu mai washe baki ba dalili taɓaɓɓe ake ce masa."

Maimakon ya ji haushi, sai ya ji ƙirjinsa ya buga.

Aiki da ita sai haƙuri. A taron ma'aikata ta taɓa ce masa gatsau, "Wannan tsarin naka ba zai yi ba." Kowa ya sunkuyar da kai don kunya. Da yamma kuma ita ce ta kai masa shayi ofis, ko a jikinta. Kafin damina ta wuce tana kiransa Tonchik, yana kiranta Ƙanƙarata.

Da ya kai ta gida, mahaifiyarsa Mama Lamai ta tambaye ta ko miyar ta yi daɗi.

"Yaji ya yi yawa, Mama."

Tsohuwa ta ajiye cokali. Bayan fitar baƙuwar ta ce, "Mai bakin nan ba a gidana ba. Ga Fon 'yar ƙawata nan, yarinya mai kunya."

Washegari Varya ta tare shi. "Me Mama ta ce?"

"Ta ƙi," ya ce yana murmushi, irin wanda mutanen Phuket ke yi idan zuciya na ƙuna.

"Dariya ma kake yi?" Idanunta suka ciko. A makon nan ta ajiye aiki ta koma garinsu Tomsk a Rasha.

Ton ya ci gaba da gaida baƙi, yana ta ramewa. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Can ya tura saƙo:

"Ƙanƙarata, ba dariya na yi ba. Tun ina yaro aka koya mini ɓoye kuka a bayan haƙora. Ban iya wani kukan ba."

Sai ga amsa ta shigo:

"Da ka faɗa. Ko abinci ba na iya ci, Tonchik."

Ranar da aka sake kawo maganar Fon, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "A'a, Mama." Tun da aka haife shi bai taɓa furta mata kalmar ba. Ta daɗe tana kallon ƙasusuwan wuyansa, sannan ta miƙa hannu. "Kira mini ita."

Da Varya ta ɗauki wayar, Mama ta ce, "Ke da ba kya ɓoye magana, kina son ɗana?"

"Ina sonsa, Mama." Sai kuka.

"To dawo gida, 'yata."

Ranar biki dattawa suka yi layi suna zuba ruwan albarka a hannuwan ango da amarya. Da aka zo kan Mama Lamai, sai ta rungume su biyun.

"Ku tsufa tare. Ku ba ni jikoki tun ina da ƙarfin goyo."