Makullin Gini Na Uku

Duk wanda ya bi ta tsohuwar tashar motocin gwamnati zai ga wani mutum a kan benci, hannunsa na dama a dunƙule. Ni na san abin da ke cikin hannun nan.

Direba ake ce masa. Shekara ashirin yana jan bas ɗin hukumar sufuri, yana zaune a ɗakin haya da matarsa, wadda yake kira Gimbiya. Kullum ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya cilla mata makullin bas, ta cafe tana dariya. "Sannu da zuwa, mai mota ba mota."

Da hukumar ta ce za ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a filin tashar don talaka ya huta da haya, sai zuciyarsa ta ƙi zama. Ba ɗaki yake so ba, kwangilar yake so, shi da bai taɓa ɗora bulo kan bulo ba.

A bayan filin akwai gawar wata bas da ta yi hatsari, a ciki wani boka yake zaune. Direba ya shiga da rana tsaka, amma ciki duhu. An rufe tagogin da jan ƙyalle, ƙahoni suna reto a ƙarfen da fasinja ke riƙewa, a kujerar direba kuma ƙwarya ce cike da jini da baƙin mai.

"Gini uku za ka yi," in ji bokan. "Ranar da aka gama kowanne, makullin farko zai zo hannunka. Wanda ya fara karɓarsa daga gare ka, fasinjanmu ne."

"Ina za ku kai shi?"

"Yaushe direba ya fara tambayar fasinja abin da zai je yi?"

"Ko baƙo ne, ya yi?"

"Mu hannu muke kallo, ba fuska ba."

Direba ya tsoma hannunsa cikin ƙwaryar. Sanyi ya ji, sanyin da bai sake barin hannun ba.

Kwangila ta faɗo masa, manya suna kallo. Ya yi gida, ya yi mota, ya cika wa Gimbiya akwati. Makullin ginin farko wata tsohuwa mai sharar tasha ya miƙa wa, ta yi ta sa masa albarka. Kwana uku aka tsince ta a bakin sabuwar ƙofarta, ba rai, ƙullin kayanta a cinya kamar mai jiran mota. Direba ya laluba zuciyarsa, bai sami komai ba.

Na biyu ma baƙo ya tanadar wa. Sai ƙaninsa, mai kula masa da magina, ya zare makullin daga hannunsa. "Yaya, kawo in gwada, ƙofar nan tana cijewa." Kafin mako ya zagayo ƙanin ya tuɓe riga, yana zagaya ginin yana ihu: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya mu tashi!"

Ranar da aka gama na uku, Direba ya rantse ba wanda zai taɓa makullin. Ya sa shi a aljihu da nufin jefa shi rijiya. Sai dai ya biya ta asibiti tukuna, ya ga ƙaninsa a ɗaure, ya fito ba ya ganin gabansa. Ƙafa ta kai shi gida. Hannu kuma ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin.

Gimbiya ta cafe.

"Ikon Allah, an tuna da! Wannan kuma na wace motar ce, Baban yara?"

Ya fizge, har ya ji mata ciwo a yatsa. Ta kalle shi da mamaki, bai taɓa yi mata haka ba. Ya ruga bayan filin, ya tarar da bas ɗin fayau, ba boka ba ƙyalle.

Ran kwana na uku ta yi wanka, ta ɗaure kayanta, ta zauna a bakin ƙofa. "Kamar hon ɗin mota nake ji," ta ce. Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bai yi kuka ba, har yau. Masu ɗakuna suka watse, hukuma ta garƙame gine-ginen, waɗanda aka yi dominsu suka koma haya. Shi kuwa yana kan bencin, makullin a hannu, yana jiran motar da ta ƙi ɗaukarsa.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, kada ka ce baƙo za ka bayar. Hannun da ya fi kusa da naka shi ne zai karɓa.