Dakashin Jikan Malam Lawal

A asibitin Babura suka fara haɗa ido. Sadiyya ta rako Fatu, matar yayanta, awon ciki. Muhammad Sani, ma'aikacin jinya, yana yi wa mata bayani, da ya gan ta sai zancen ya ɓace masa.

"Malam, kan garkuwar jiki ka tsaya," in ji Sadiyya. Mata suka kwashe da dariya.

Kafin damina ta faɗi, babur ɗinsa ya haddace hanyar Kanya Babba, garin su Sadiyya. Saƙonninsa ma asibiti-asibiti suke:

"Sanyin idona, a jini akwai wasu 'yan mitsitsi, antibodi. Siffarsu kamar gwafa: hannu biyu su cafke ƙwayar cuta, ƙafar ta kira sojojin jiki su cinye ta. Kowanne iri ɗaya tak yake kamawa. Ni ma haka."

"Wato ni ce cutar?"

"Wadda ba na neman maganinta."

Ranar da Fatu ta haihu ya zo barka. Yana zaure ya jiyo Inna Shatu, kakar Sadiyya, tana cewa a tatse dakashi a zubar, wato nonon farkon nan mai kauri, wai dauɗa ne. Haka ta tarar ana yi, ba ta taɓa tambayar dalili ba.

"Inna, kada a zubar!" ya ɗaga murya. "Cike yake da antibodin uwa, shi ne rigakafin farko na jariri!"

Gaskiya ya faɗa, amma a gaban surukai, zaure cike da maza. Malam Lawal, mahaifin Sadiyya, ya miƙe.

"Yaron da ke zancen nonon matar ɗana a ƙofar gidana ba zai auri 'yata ba. Hau babur ɗinka."

Saƙo ya shigo wayar Sadiyya: "Na ɓata komai, ko?"

Ta ajiye wayar. Ta yafa mayafi ta bi mahaifinta garke, ta tarar da shi durƙushe yana tura bakin sabon maraƙi ga hantsar uwarsa.

"Baffa, wannan ba za a tatse a zubar ba?"

"Kina da hankali? Maraƙin da bai sha dakashi ba, zawo ke kashe shi."

Sadiyya ta sunkuyar da kai. Malam Lawal ya dubi maraƙin, ya dubi 'yarsa. Can ya goge hannu a riga, ya nufi gida.

"Inna, ki yi haƙuri. A ba jikana abin da ba na hana shanuna."

Sai da aka yi suna ya kira Sadiyya. "Ki ce wa mai bakin nan ya turo manyansa. Amma ya fara durƙusa wa Inna."

Ya durƙusa kuwa, har gwiwa ta yi tsami.

Ranar ɗaurin aure Inna Shatu tana rungume da jaririn, ya yi ɓul-ɓul. "Ban ce yana da gaskiya ba," in ji ta. "Na dai ce yaron ya yi nauyi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku naku."

"Amin, Inna," in ji amarya cikin lulluɓi.

Da yamma aka sauke buhun dusa a garke. Ango ne ya aiko, ya ce a gaida saniyar, an gode.