Gurgu a Kwalin Takalmi

Ranar da Aminci ta fara haɗuwa da Mang, ƙeyarsa kawai ta gani, don a bayan tasinsa take zaune, ta taso daga aiki a asibiti, ƙafafunta sun kumbura. Watan Mayu ne na 1993, a ƙasar Turawa. Suna bin titin gefen tafkin Van Cortlandt sai ya taka birki da ƙarfi, amma ina, ya makara. Wata agwagwa ce ta fito tsallaka titi da 'ya'yanta a jere.

Ya fita. Ta gilashi ta ga ya durƙusa, ya ciro tsabar kuɗi, kwata ɗaya, daga aljihu, ya buɗe bakin mushen ya saka. Nan ta gane ɗan gida ne. Direbobinmu ke yin wannan, wai wanda ya take agwagwa sai ya sa mata kuɗi a baki, in ba haka ba hanya ba za ta bar shi ba.

Ta leƙo ta ce da Hausa, "Malam, daga ina?"

Ya juyo, idonsa ya yi ja. "Bukuru."

"Ni Pankshin. Duba ƙarƙashin mota, akwai mai kuka."

Sauran 'ya'yan sun shige ciyawa, ɗaya ya rage, ƙafarsa ta hagu ta karye. Mang ya sa shi cikin hularsa ya miƙa mata. Har suka kai unguwarsu, Morris Heights, madubin motar nan ya sha kallo.

A hawa na biyar Aminci ke zaune da Goggo Salome, ƙanwar babanta, wadda ta riƙe ta tun tana shekara shida da rasuwar mahaifiyarta. Aka samo kwalin takalmi, aka shimfiɗa tsohon tawul, aka kunna ƙwan fitila a gefe don ɗumi. Aminci ta ɗaure ƙafar da tsinken ashana da filasta. Suka sa masa suna Gurgu.

Mang ya san agwagi, mahaifiyarsa ta yi kiwonsu. Shi ya koya mata dafaffen ƙwai a marmasa, ruwan sha kuma a murfin kwalba kawai.

"Nas, kada ki sa shi a ruwa," ya ce. "Man jikin uwa ne ke hana su jiƙewa. Maraya in ya shiga, sanyi zai kashe shi."

Kullum sai ya zo, wai duba maras lafiya. To, maras lafiyar da ake zuwa dubawa da guga a riga da turare, kowa a benen ya gane ko waye. Ranar da bai same ta ba, ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa:

"Nas tawa, na zo ba kya nan. Ki gaida Gurgu, ki ce masa wanda ya mai da shi maraya yana neman gafara. Ke kuma akwai maganar da na kasa rubutawa, sai na gan ki. Mang."

Goggo ce ta fara tsintar takardar, kuma ta karanta tas, ba ta ma ɓoye ba.

Da Aminci ta dawo ta tarar da ita zaune ba kallabi.

"Direba, kuma wanda ya take agwagwa? Kin manta kawunki Yabo?"

Aminci ba ta manta ba. Yabo mijin Goggo ne, babbar mota yake ja. Ya take agwagwa ranar Talata, ranar Juma'a aka kawo gawarsa daga Hawan Kibo.

"Goggo, ai Mang ya sa mata kuɗi."

"Shi ma Yabo ya sa. Ban raine ki don ki ɗanɗana abin da na ɗanɗana ba. Ga David mai kantin magani yana ta aiko da gaisuwa."

"David gaisuwar kawai ya iya."

Goggo ta nuna kwalin da leɓe. "In wancan ya rayu, Allah ya yafe wa direbanki, na yarda. In ya mutu, kada ya sake tako ƙofata."

Aminci ta san ba za ta yi aure ba sai da albarkar matar nan. Tun daga ranar, kowane numfashin Gurgu a kunnenta yake. Mang kuwa in ya shigo, Goggo sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Shi ya sa ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba.

Amma tsohuwa da kaɗaici. In Aminci ta tafi aiki, maƙwabta kan jiyo Goggo tana hira da Gurgu, har da ba shi labarin matan zumuntar coci, wace ta yi wa wace gori.

Ranar Asabar, kwana na goma sha biyu, Aminci ta dawo da rana ta tarar da ita zaune a ƙasan banɗaki, Gurgu a naɗe cikin kallabinta, jiƙe sharkaf, ko kai ba ya iya ɗagawa.

"Na ga ya yi datti ne," Goggo ta ce. "Na ce agwagwa ce, ruwa ne gidanta. Na sa shi a baho, sai waya ta yi ƙara."

Wayar nan ta matar fasto ce, kuma wayar matar fasto ba ta ƙarewa da wuri.

Aminci ta aika wa Mang, ya iso a guje. Ya sa Gurgu cikin rigarsa a kan ƙirji, yana hura masa iska a hankali, Aminci na ɗumama tawul da dutsen guga tana miƙa masa. Kafin ƙarfe huɗu ɗan abin ya miƙe ƙafarsa mai filasta, ya yi shiru.

Mang ya kwantar da shi a kwalin. Bai kalli Aminci ba, don ya san in ya kalle ta ba zai iya fita ba.

"Mama, an gaya mini sharaɗinki," ya ce. "Na gode da ruwan da na sha a gidan nan."

Aminci ta jingina da bango, hawaye na zuba. Har Mang ya kama mariƙin ƙofa.

"Tsaya, ɗana."

Karo na farko ke nan da Goggo ta yi masa magana.

"Kai ka ɗauko shi daga ƙarƙashin mota da rai. Ni na kashe shi, da hannuna, don na ƙi zama in ji abin da kake faɗa." Ta goge ido da bakin zane. "Shekara sha ɗaya ina ɗora wa agwagwa mutuwar mijina. Yau ga ta nan, ko daga baho ba ta iya fita ba. Barci ne ya kwashe Yabo a kan sitiyari, na sani tun ranar."

A watan Satumba aka ɗaura aure a wani ƙaramin coci kusa da titin Concourse. David ya zo, ya yi fushi, ya kuma cinye faranti biyu. Amarya ta yi kuka, Goggo ta fi ta.

Da suka durƙusa gabanta, ta ɗora hannu a kansu ta ce, "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana fiye da ni." Sai ta riƙe kunnen ango. "Kai kuma, in barci ya zo ka tsaya a gefen hanya. Ka riƙa dawo mata gida."

"Zan dawo, Mama," ya ce.