Yumɓun Sujadar Khanum Batul

"Ba zan sha shayin da ta haɗa ba! Ɗauke min!"

Khanum Batul, wato Uwargida Batul, ta ture kofin, ya kife a kan darduma. Shilan ta durƙusa tana gogewa, kanta a sunkuye. Wata bakwai ke nan da Mujtaba, ɗan Khanum Batul, ya auro ta daga Sanandaj ya kawo ta gidansu a Kashan, a ƙasar Iran, amma har yau jinin surukarta bai haɗu da nata ba. Laifinta biyu ne: Bakurdiya ce, kuma 'yar Sunna, mai kama hannu a salla, alhali su 'yan Shi'a ne.

"Madar-jan, alƙiblarmu ɗaya fa da ita," in ji Mujtaba ga mahaifiyarsa a hankali.

"Rufe min baki! Jikokina sallar wa za su koya? Ka mayar da ita kafin Nowruz, sabuwar shekararmu, in ba haka ba ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Mujtaba ya sami Shilan a kicin, idonsa jajur. "Shilan-jan, ba zan iya rabuwa da ke ba, ita kuma uwata ce."

"Kada ka ɗaga mata murya a kaina," ta ce. Tana hawaye ta kira yayanta Hiwa a waya, ta ce ya zo ya ɗauke ta jajibirin sabuwar shekara. Gara ta tafi da a yi wa mijinta baki.

Saura sati uku a yi Nowruz, tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Aka dawo da ita daga asibiti ɓarin dama a shanye, magana da ƙyar. 'Yarta Marziye ta zo jinya daga Tehran. Kullum sai tsohuwa ta yi ta kuka, Marziye kuwa ta yi ta ɗura mata magani.

Shilan ce ta lura kukan ba ya zuwa sai an kira salla, idon tsohuwa kuma na kan kantar bango, inda aka ajiye ɗan yumɓun Karbala da take ɗora goshi a kai.

Da aka sake kiran salla sai ta miƙe. Ta kawo ruwa a tasa, ta wanke wa tsohuwa fuska, ta zuba ruwa daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ta kama hannunta mai lafiya ta shafa mata kai da bayan ƙafa, ta juyar da ita alƙibla. Duk sanda tsohuwa ta sunkuyo don sujada, sai ta ɗago yumɓun ta kai mata goshi.

Marziye ta yi turus a bakin ƙofa. "Ke! A ina kika koyi alwalarmu?"

"Wata bakwai ina kallonta, Marziye Khanum."

"Ku da kuke cewa mu muna bautar ƙasa?"

"Ni ban taɓa faɗa ba. Sallarta ce, hannu kawai na ara mata."

Tana gamawa ta shimfiɗa sallaya a gefe, ta kama hannunta ta yi tata. Tsohuwa na kallo. Haka suka yi ta yi kullum.

Ranar da Hiwa ya iso, Shilan ta shigo sallama, mayafinta jiƙe da hawaye. "Madar-jan, ki yafe min. Na nuna wa Marziye Khanum yadda ake riƙe yumɓun."

Hannun hagun tsohuwa ya cafke tsintsiyar hannunta.

"Wa... ya ce... ki tafi?"

"Ke kika ce, Madar-jan," in ji Mujtaba.

"To na janye! Na yafe maka, ɗana. 'Yata ce wannan... ta yi sallarta yadda uwarta ta koya mata."

Mujtaba ya kife fuska a gwiwar mahaifiyarsa yana kuka. Hiwa ya kwana biyu, ya yi bikin sabuwar shekara da su, ya hau bas ya koma shi kaɗai.

Shilan ba ta taɓa yin gardamar addini da kowa a gidan nan ba, ba ta kuma bar nata ba. Haƙuri ta yi, ta girmama ibadar wadda ta raina tata, Allah kuwa ya tsare mata aurenta. Kada bambancin yare ko mazhaba ya hana mu ganin mutumin kirki yana zaune a cikin gidanmu.