Awarwaron Tasalla a Hannun Gwaggo

Ƙarfe bakwai na safe, awarwaro dubu arba'in suka ɗan ciji matan Birnin Gamji a wuyan hannu, kowanne ya tsotsi ɗigon jini. A babban asibiti, lambobi suka fara zuba a allon Dakta Barira Tanimu.

Aikin na'urar ba wuya. Idan ciki ya shiga, jikin mace kan saki wani sinadari cikin jini, kuma a makonnin farko yawansa kan kusan ninkawa duk kwana biyu. In ya ƙi ninkawa, da magana: wataƙila cikin ya zauna a wajen mahaifa, inda zai iya fashewa. Injiniyoyin da suka ƙera awarwaron sun so su burge, sai suka ƙara masa karambani. Da lamba ta kai wani matsayi, zai aika wa dangin miji saƙon barka, har da guɗa.

Lambar Tasalla Habu, amaryar wata biyar, ita ta tsayar da Barira. Sati uku da suka wuce ta fara hawa, ana gab da aika saƙon sai ta faɗo sifili rana ɗaya. Ko ɓari ba ya saukar da ita haka.

Barira ta hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa gidan su Tasalla. Wata dattijuwa ta buɗe ƙofa, awarwaron na walƙiya a hannunta.

"Gwaggo, wannan na wa ne?"

"Na 'yar ƙanena ne, likita. Cikin fari ne fa. Ƙarfe ya yi mata shela, da wane ido za ta kalli surukanta? Mu a zamaninmu sai zani ya ƙi ɗauruwa ake sani."

"Ina take?"

"Tana ɗaki. Tun jiya mararta ke murɗa, na ba ta jiƙo."

A ƙasa suka same ta, leɓɓanta sun yi fari. Cikin a wajen mahaifa yake, kuma ya fashe. An yi mata tiyata a kan lokaci, ta rayu, cikin bai rayu ba.

Da Barira ta koma ofis, ta umarci allon ya nemo duk amaryar da lambarta ta faɗo sifili rana ɗaya. Suna ɗari tara da goma sha biyu ya fito. Shekara guda ke nan birnin yana alfahari da na'urarsa, na'urar kuwa tana can tana auna jinin gwaggonni da kakanni.