Idon Ruwan da Bassu Ya Rufe

Bayan la'asar Bassu ya ɗaura wa alfadarinsa guduma da ƙarfen fasa dutse, ya ce wa matarsa Itto zai je duba shingen ƙananan itatuwa. Ƙarya yake yi, ita ma ta sani. Mai duba shinge ba ya ɗaukar guduma.

"Gobe ne masu kejin za su zo?" in ji ta, tana murza ƙullin burodi ba ta ɗago ba.

"Gobe da sassafe."

"To ka gai da 'ya'yan naka. Ka ce musu ta gida ma tana da uba, in sun yarda su ara mana shi kafin magariba."

Ta gida ita ce Tuda, 'yarsu tilo mai shekara bakwai, wadda ta rungume shi a bakin ƙofa ta shafa masa man zaitun a hannun riga. Na daji kuwa birai ne talatin da huɗu, marasa wutsiya, masu kwana a kan itatuwan al'ul da ke saman garin Azru. Shekara ashirin da biyu Bassu yana malamin daji a wurin. Ya san wadda ta haihu, ya san wanda ya karye. Tsohon cikinsu mai yagaggen kunne ma ya sa masa suna Alƙali. Duk garin suna tsokanarsa da uban birai, shi kuma bai taɓa jin haushi ba.

Yanzu ofishin gandun daji ya yanke hukunci a kwashe su, wai suna ɓare ɓawon itatuwa, itatuwan suna bushewa daga sama. Gaskiya ne, suna ɓarewa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara tara da suka wuce ofishin nan ne ya sa aka rufe Agbalu, idon ruwa ɗaya tak da ba ya ƙafewa da bazara, aka ja ruwan cikin bututu zuwa komin makiyaya a kwari. Biri ya rasa abin sha, ya koma lasar danshin ɓawo. Wasiƙa shida Bassu ya rubuta wa shugabansa Si Larbi a kan haka. Amsar da ya samu ita ce keji. Kuma ya san inda keji yake ƙarewa: dandalin birni, sarƙa a wuya, baƙi suna ɗaukar hoto.

Sai dai laifi tudu ne. Ranar da aka zuba simintin, Bassu ne a tsaye a kan aikin. Tsohon maginin, Ammi Hammu, ya ajiye cokalin gininsa ya ce, "Si Bassu, a bar wa masu wurin ƙofa mana. Tafin hannu ɗaya ma ya isa. Haka muka ga iyayenmu suna yi."

"Babu rami a takardar zane, Ammi."

"Takarda ba ta kwana a daji, ɗana."

"Shafe kawai."

Ya shafe. Abin da Bassu zai je ya fasa ke nan yau. Dabararsa ba ta da yawa: ruwa ya fito, birai su sauko su sha, da safe ya nuna wa Si Larbi da idonsa, ya roƙi a ɗaga kwashe su da wata guda.

Hanyar ya san ta kamar tsakar gidansa. Ƙanshin ƙaron al'ul, busasshen kashin tumaki, ƙarar kofato a kan tsakuwa. Rana ta koma bayan dutse, haske ya yi ja. Da suka iso shingen ƙarshe alfadarin ya toge. Bassu ya ja, ya zaga, ya lallasa, dabba ta ce ba da ita ba. Ya ɗaure ta, ya saɓa gudumarsa, ya ƙarasa da ƙafa.

A wannan lokaci birai sukan cika wurin da hayaniya, ana rigimar reshen kwana. Yau suna nan, ya gan su jere a sama, amma ko tari babu. Dukansu ƙasa suke kallo.

Wata tsohuwa ce kwance a kan murfin simintin, ta manna kunnenta.

Bargon ulu ne a jikinta, irin na matan makiyaya, ya koɗe har ya yi kalar toka. Bassu ya san kowace tsohuwa a tsaunin nan. Wannan bai san ta ba.

"Barka da yamma, Lalla," in ji shi, yadda ake kiran dattijuwa don girmamawa.

"Ka zo." Muryarta can ƙasa, kamar ana jan busasshen ganye. "Shekara tara ina jin takalminka. Ka zo, ka tsaya, ka koma."

Ya nemi ayar da zai karanta, ya rasa farkonta.

"Buɗe," in ji ta.

Ya durƙusa. Ya kafa ƙarfe, ya buga. Ƙarar ta tafi cikin daji ba ta dawo ba. Ya sake bugawa. Tsohuwar ba ta janye kanta ba, ɓarɓashin siminti yana zuba mata a kumatu. Leɓɓanta duk sun tsattsage. Ba ta ƙifta ido.

A bugu na goma sha wani abu, ƙarfen ya zurma.

Ruwa bai fito ba. Iska ce ta fara fitowa, mai sanyi, mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta zura hannu. Ramin bai fi tafin hannu ba, amma ya shige har kafaɗa. Bassu yana jin sa yana ta tafiya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, yana lalube.

Ta kira suna uku. Ba da yaren da ya sani ba, amma kowa ya san yadda uwa take kiran yara in yamma ta yi.

Shiru.

"Barci na bar su suna yi," ta ce a hankali. "Na dawo na tarar da kai a tsaye, da takarda a hannu. Shekarar farko suna amsa mini. Ta biyu ƙaramin ya daina."

"Lalla, wallahi ban sani ba."

"An faɗa maka."

Ta zaro hannun. Ta buɗe tafin a gabansa. Ƙananan haƙora ne, farare, kamar tsabar sha'ir.

Ya yunƙura zai tashi. Ɗaya hannun nata ya riga ya kama masa wuyan hannu. Sanyi ya hau har haƙarƙarinsa.

"Kai fa, naka nawa ne?"

Ya kawar da kai.

Ta sunkuyo, ta shinshina hannun rigarsa. Ta daɗe a wurin.

"Man zaitun," ta raɗa. "Da gashin ƙaramar yarinya."

Daga kwari aka ɗaga kiran magariba, can nesa, siriri. Bassu ya ga ƙofar gidansa a zuciya, a buɗe, da hanyar da ta miƙe daga nan har can.

Hannunsa na hagu ya ɗaga. Ya nuna sama.

"Ga 'ya'yana can, Lalla. Kowa ya sani. Ki tambayi garin."

Ta ɗaga kai. Birai talatin da huɗu suna kallon yatsansa. Alƙali ne a reshen ƙasa, kusa har Bassu yana ganin yagaggen kunnen.

"Haka na ji ana faɗi," in ji ta. "Duka?"

"Duka."

Ta sake shi.

Ya ruga. Ya bar guduma, ya bar hula. Yana jiran ya ji kururuwa a bayansa, bai ji ba. Abin da ya ji shi ne faɗuwar abu a kan busasshen ganye.

Tim.

Sai wani.

Bai so ya ƙirga ba. Ya ƙirga.

Da safe Si Larbi ya iso da motoci biyu da keji, ya sa aka taso Bassu ya nuna hanya. Suka tarar da birai matattu a gindin itatuwa, kowa ƙarƙashin reshensa. Babu jini, babu rauni. Wani ma'aikaci ya ɗaga ɗaya, ya ce ba ya da nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. A gefensu kuwa ruwa na ɓulɓulowa daga ramin, garai-garai, yana bin gangare.

Si Larbi ya ja shi gefe, yana ɓoye murmushi. "Kai Si Bassu, ashe mugu ne kai. Wasiƙa shida kana mana kuka, ashe kana da maganinka a aljihu. Guba ka sa?"

"A'a."

"To yaya ka yi?"

"Nuna su na yi."

Si Larbi ya yi dariya, ya daki kafaɗarsa. A rahoton ofis aka rubuta cuta ce. Bayan wata guda aka aiko wa Bassu takardar yabo, wai ya taimaka wajen ceto itatuwa. Itto ta so ta rataya ta a bango, ya ce in ta kuskura zai ƙona gidan.

An nemi maginin da zai toshe ramin, duk yankin aka rasa mai zuwa. Ruwan Agbalu yana nan yana gudu har yau, kuma babu abin da yake sha. Ko tsuntsu ba ya sauka. Mutanen gari sun daina tsokanar Bassu, shi kuma bai sake wuce shingen ƙarshe ba.

Tuda tana nan lafiya, ta yi tsawo, ta iya karatu. Wani lokaci in tana wasa a ƙofar gida yakan zauna ya zuba mata ido har shayinsa ya huce. Itto ta ɗauka nadama ce take cinsa. Da nadama ce kaɗai, da da sauƙi. Abin da yake cinsa shi ne ya sani sarai, in aka sake riƙe masa wuyan hannu aka tambaye shi, hannun nan zai sake ɗagawa.